Inda Na Dafa

Kwana goma sha ɗaya kacal,
motar Ma'aruf ta dawo daga Suwakin,
gaurakar da na fesa a ƙofarta
ta fara saɓa kamar maciji.
Fiffiken hagu ya ɗaga baki,
na sa farce, ya biyo ni salin-alin
kamar ɓawon albasa.
Ma'aruf bai zage ni ba. Da ma ya zaga.
Cewa ya yi, "Tsuntsuwarka tashi take so,
ni kuwa kuɗin zama na biya."

Usta Habibu ya taso daga inuwar kwantena
da ɗan kofin jabana a hannu,
ya tsuguna, ya daɗe bai ce uffan ba.
"Me ka ci ran nan?"
Na ce, Usta, maganar fenti ake.
"Me ka ci?"
Soyayyen kifi, wajen Batulu, bakin tasha.
Ya kamo hannuna na dama
ya ɗora a kan tabon.
Yatsu biyar, kowanne ya faɗa gurbinsa
kamar tela ne ya auna.
Nan na dafa, ina leƙen zane,
bayan na goge, kafin na fesa.

Kunya ta fi ranar Bur Sudan zafi.

Ba a yi wa ɓawo faci, in ji shi,
kankare har sai ka ga fuskar ƙarfe.
Na ɗauki samfefa mai kaushi,
na kashe gaurakata da hannuna:
tukkun zinariya, jan kumatu,
dogon wuyan da ya ci mini yini biyu,
duk suka zama gari a kan takalmina.
A ƙarƙashi ga tsatsa ta yi ƙwai,
ɗigo-ɗigo, tana jiran damarta.
Iskar nan daga teku take zuwa,
gishiri take ɗauke da shi ko ba a gani,
ƙarfen da ya kwana tsirara
da safe ya riga ya sha.

Sai wanki. Tina da farin tsumma,
shafa ɗaya, a juya, kada a maimaita gefe.
Na sa safar hannu, na daina yarda da fatata.
Usta ya kwance ƙasan kwamfuresa,
ruwa ya tsiyayo, ja kamar shayi.
"Wannan ma ka fesa wa mutane," ya ce,
"ka haɗa da kuɗin aiki."

Shimfiɗar fari siririya,
har ƙarfe na leƙowa ta ciki.
Hannuna na ƙaiƙayi in ƙara,
ya ce sauri ya haifi nawa.
Muka zauna. Jirgi ya yi kuka a tashar ruwa.
Aka kira la'asar, muka je muka dawo.
Ya taɓa da bayan yatsa, ya ce tukuna.

Washegari da sanyin safe,
kafin ƙarfe ya ɗau zafin da ke dafa fenti a iska,
na riƙe alƙalamin feshi taki ɗaya daga ƙofa,
numfashi-numfashi, ba ambaliya ba.
Shuɗi ya sha iska kafin toka ta hau,
toka ta huta kafin zinariya.
Kwana uku tsuntsuwa tana dawowa,
ta fi ta farko rama, ta fi ta kama ƙasa.
Na rufe ta da mai sheƙi, sau biyu.

Da ta yi mako, a gaban Ma'aruf,
Usta ya manna salatif a gefen fiffike,
ya danne da babban yatsa,
ya fizge.
Na rufe ido.
Salatif ya fito fari tas.

Ma'aruf ya tada mota, ya nufi Kassala.
Batulu ta ƙwalo mini kira, kifi ya soyu.
Na ce ina zuwa,
a ajiye mini sabulu.