Hujin Gara

A Kauran Namoda, bayan tasha,
inda layin dogo ya gaji ya tsaya,
nan kawuna Tsalha mai agogo ke da rumfa.
Tun da waya ta ƙwace wa agogo aiki
sai ya koma jinyar abin da ba mai nema:
birin gwangwani mai buga kuge,
tsuntsun keji da maƙogwaronsa ya bushe,
'yar batta mai ganga da ƙayoyi
wadda matsefinta ya zubar da haƙora uku.

Ran wata Laraba Barmo dillali ya shigo
da akwati a ka, yana haki.
Wai a tsohon siton gyaɗa aka tono shi.
"Katako ne mai kyau, ko kujera a yi."
Kawu ya ƙirga masa kuɗin gyaran rufi.
Inna Dije ba ta tanka masa ba har Juma'a.

A ciki akwai mariƙin juyawa,
zugazugi biyu da suka tsage kamar faso,
harsunan tagulla a jere, tsanwa ta hau su,
sai naɗin takarda mai huji-huji.
Ya ce da ni, "Duba, Lantana.
Inda aka huda, nan iska ke magana.
Inda ba a huda ba, shiru aka rubuta."

Ya je majema ya zaɓo jar fatar akuya,
ya kankare ta har ana hango yatsa ta baya.
Ya jiƙa ƙaro a murfin kwalba.
Gashin zabo da kananzir suka bi kowane harshe.
Man keken ɗinkin Inna ya ragu,
ba wanda ya ga wanda ya taɓa.

Ranar da ya fara juyawa
muka taru har da masu faci.
Abin ya ja numfashi, ya yi tari,
sannan ya ɓarke kamar kasuwar awaki.
Yara suka faɗi don dariya.
Kawu ya ɗaga takardar ga hasken ƙofa, ya daɗe.
"Gara," ya ce. "Ita ma ta yi nata rubutun."

Wata uku muna tantancewa.
Hujin mai waƙa yana da kusurwa huɗu,
bakinsa a gyare kamar yankan tela.
Na gara kuwa baki ne ci-ci-ci,
yana yawo inda ya ga dama.
Ni ke riƙe tocila, shi ke liƙewa
da ƙananan yanka daga littafin lissafina.
Ɗari biyu da goma sha ɗaya, na ƙirga.
Kullum hayaniya na raguwa,
wata waƙa na fitowa a hankali
kamar mutum daga cikin dawa,
waƙar ƙasar da ba mu san sunanta ba,
mai taku uku-uku, kamar gurgu na murna.

Saura huji guda, kusa da ƙarshe.
Ya liƙe, ya juya, ya saurara.
Ya ɓamɓare, ya juya, ya saurara.
Har aka kira la'asar yana haka.
Sai ya ajiye ƙaron.
"Wagga gara ta san kiɗi.
A bar mata."

Yanzu idonsa ya yi hazo, ni ke juyawa.
Mariƙin ya saba da tafin hannuna.
In damina ta yi, mukan ja akwatin gefe,
mu sa kwano inda rufi ke zuba.
Inna Dije takan zauna bakin ƙofa tana tsince wake,
wai ita ba saurare take ba.
Amma in an kusa wurin
hannunta kan tsaya cikin faifai,
sai sautin garar ya wuce
sannan ta ci gaba.