Rawar Tamanin

Daga Garwa lafiya lau take tafe,
sai allura ta taɓa tamanin,
sitiyari ya kama rawar ɗari a hannuna
kamar mai masassara.

A Figil, Babale bai ko buɗe inji ba.
Ya durƙusa, ya shafa tayar hagu:
"Ka ga ta cinye gefe guda?
Ƙafar ta karkace, wani rami ka faɗa."
Ya saita, ya liƙa darma kamar ƙwayar gyaɗa.

Salansa kuwa, ya toshe bakinta da tsumma,
hayaƙi ya tona asirin hujin da ke ƙarƙashi.
Walda, jaka uku.

Na hau kwalta. Tamanin, casa'in, tsit.
Sai yanzu na ji,
ashe tun safe Lantana magana take min.