Awon Ƙara

Rumfata na bakin Kasuwar Dole,
tsakanin mai gyaran agogo da mai kilishi.
Waƙa nake zuba wa mutane a kati,
ɗari da hamsin, dala arba'in.

Ran Alhamis Barmu direba, mai jigilar Tanut,
ya dire katinsa a kan teburina:
"Muntari, kayanka za su kashe ni.
Wata waƙar raɗa take, kamar mai neman rance,
in murɗa rediyo har maƙura,
sai ta bayanta ta faɗo mini kamar aradu.
Jiya, dab da Bakin Birji,
saura ƙiris in sumbaci gawo."

Na ce ai na kunna madaidaicin ƙara.
Na buɗe kwamfuta, ga alamar nan kore shar.
To ina gizo ke saƙa?

Na bi su ɗaya bayan ɗaya
kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.
Ashe manhajar ba kunne gare ta ba,
karatu take:
kowace waƙa da 'yar laya a wuya
mai cewa a rage mini, ko a ƙara.
Waɗanda na kwaso daga tsofaffin kaset
wuyansu wayam.
Wasu layu biyu gare su, suna musu da juna.
Wasu an auna su a dunƙule, faifai guda,
wasu ɗaiɗai.
Rediyon motar kuwa ko bihim bai iya karantawa ba.

Wuta ta ɗauke.
Muka sha shayi, na fari da na biyu.
Wuta ta dawo.

Na tsinke layun duka, na sake awo,
tiya ɗaya ga kowa, a shafe baki.
Da farko na yi zari, na cika ta har tozo,
kalangu ya tsage, gurmi ya koma gwangwani.
Na sassauto,
na bar wa ganga wurin numfashi,
na dasa awon a jikin waƙoƙin kansu
don rediyon da bai je makaranta ba.

Sai na iso ta ƙarshe.
Ba suna, lamba kawai, minti ɗaya da rabi.
Zanenta a allo kamar zare a kwance.
Manhaja ta ce wannan ta fi kowa rauni,
a ninka ta.
Na ninka.

Shuuu, kamar ana sheƙar gero.
Sai zakara, sai taɓarya can nesa,
jarka na karo da jarka a layin famfo,
a tsakiya wata tsohuwa:
"Barmu, in ka sauka ka kira ni.
Ban da gudu.
Ka bar hularka a kan randa."
Muryar ta cika rumfa, ta tsallaka,
har mai agogo ya ɗago da gilashi a ido.

Barmu ya ajiye kofi a hankali.
Ya ce, "Mayar da ita yadda take."
Na ce in inji na ruri ba za ka ji ta ba.
Ya ce, "Shekara saba'in da ɗaya Inna Cima ta yi
ba wanda ya ji ta daga bayan katanga,
ko ran da na saida akuyarta na sayi keke.
Ba yanzu za ta fara ba, tana kwance.
In layi ya zo kanta
gefe nake sauka, in kashe inji."

Na mayar.
Ɗari da arba'in da tara kafaɗa ɗaya, kamar sahu,
guda ɗaya can ƙasa, ita kaɗai.

Kati ƙanƙane ne, bai kai farce ba,
na ga da yawa sun mutu a aljihu.
Kafin in zare nasa
na kwafe ta, ban gaya masa ba,
na rubuta a kai: ta Barmu, kada a gyara.