Lissafin Mai Fito a Kuttanad

Ubangiji, bana ban zo da roƙo ba.
Lissafi na kawo, irin na mai kwale-kwale
da ƙirgarsa ba ta wuce yatsun hannu.

Ambaliya ta cinye rabin gonar shinkafa,
ta bar mana rabi. Na gode da rabin.
Na gode da gwiwar Eliyamma
da ta yarda yau ta hau matakalar coci
ba gardama.

Kuriakose, da muka shekara biyu ba gaisuwa
a kan bishiyar kwakwa guda ta bakin iyaka,
jiya ya aiko jikarsa da kifi uku a ganyen ayaba.
Bai haɗo da magana ba.
Kifin ya faɗi sauran.

Tauraron takardar ƙofarmu ya yage ta gefe,
muka liƙe shi da dafaffiyar shinkafa,
ga shi yana haska ruwa sai ka ce sabo.
Ɗanmu na hayin teku, bai sami hutu ba.
Muryarsa ta iso ta waya, injina na ruri a bayanta,
uwarsa ta riƙe wayar har bayan ya kashe.

Daren nan zan tsallakar da mutane sujada,
ko rupi ɗaya ba zan karɓa ba.
Wanda aka haifa a komin dabbobi
ya san zafin a ce maka babu masauki.

Ku matsa, jama'a, ku ɗan matsa,
Thresia na tafe da fitila,
jirgin bai cika ba.