Ladanin Gangare

Ƙarfe huɗu da rabi sanyin Jos ke saukowa daga kan duwatsu,
ya bi ta ƙasan ƙofa, ya same ni ina laluben silifa.
Shekara ashirin da shida ina tayar da Gangare daga barci,
jarina bai wuce cikin ƙirji ɗaya ba.

Sai ƙirjin ya fara cin amanata.
Wata asuba na kai tsakiyar kira,
iska ta cije a maƙogwaro kamar akuya a bakin gada,
ba gaba, ba baya.
Lasifika ta kwashi shessheƙata ta raba wa unguwa.
Ɗan Malam Sabi'u ne ya ƙarasa,
ni kuwa ina dafe da bango, ina kukan mage.

Wasu suka ce fuka ce, wasu suka ce baki ne.
Na sha zuma da tafarnuwa
har jikokina suka daina zama kusa da ni.

Sista Kangyang ba ta yi dogon turanci ba.
Ta ajiye abin shaƙa biyu a kan tebur.
"Baba, mai ruwan ƙasan nan safe da dare,
ko kana jin za ka iya hawa dutsen Shere da gudu.
Shuɗin kuwa na ranar da ƙirji ya rufe ƙofa.
In ka shaƙa bai buɗe ba,
kada ka jira gari ya waye, taho."
Ta sa na girgiza, na fitar da numfashi,
na danna, na ja a hankali, na riƙe har goma.
Sau huɗu ina feshe harshena a banza, tana dariya.
Ta ce in riƙa kurkure baki bayan na gama.
Na ce, 'yata, kurkure baki ai sana'ata ce,
sau biyar a rana.

A gida Uwale ta kife kaskon turaren wuta,
wanda ta zo da shi tun tana amarya.
Ba ta ce komai ba. Ni ma ban ce ba.
Maganin sauro mai hayaƙi ya bar ɗakin,
muka koma gidan sauro kamar sababbin jarirai.
Samari suka fitar da dardumomin masallaci rana,
suka mayar da janareta can bayan rijiya.

Na taɓa yin wayo, ba zan ɓoye ba.
Wata biyu garau, na ce na warke,
na jefa mai ruwan ƙasan cikin aljihun tsohuwar riga.
Daren da ya tuna da ni,
a Keke aka kai ni, Uwale na riƙe da hulata.
Sista ta dube ni ta saman tabarau. Ya isa.

Yanzu aljihun dama carbi, na hagu shuɗin.
Rawani ya rufe hanci har in shiga masallaci.
Kafin in kama lasifika nakan tsaya shiru,
in saurari ƙirjina kamar mai sauraron tafiyar baƙo.
Mutane na zaton addu'a nake.
Ban ce musu a'a ba.

Sannan in ja iska, ta Allah, wadda ba a saye,
in ji ta sauka har ƙasan haƙarƙari,
in sake ta doguwa bisa rufin kwanon Gangare,
har karnukan Dilimi su yi shiru.