Allurar Sallau

Asabar ta huɗu ke nan a filin bayan Lamingo,
ni da akwatin kaya, da jirgi mai jan fiffike,
da injin da bai kai dunƙulen hannuna ba.
Na ɗora batir a kan filogi, na kaɗa farfela da sanda,
ya yi tari, ya kama, kamar ƙudan zuma a cikin gora.
Na cire batir.
Tsit.
Sai farin hayaƙi da warin man zurma.

Ni mai gyaran agogo ne a Taminus,
shekara ashirin da biyu ina sauraron ƙananan zukata,
amma wannan ya ƙi faɗa mini ciwonsa.
Na sauya filogi: tsohon kamar garwashin da ya kwana,
sabon yana haska tafin hannu.
Ya mutu.
Na bi tiyon mai kamar mai neman ƙaya a ƙafar yaro,
na ga kumfa ƙanana suna jerin gwano,
na yanke inda ya tsage, na mayar.
Ya mutu.
Na buɗe tanki, na ɗaure salansa,
na tace mai da ƙyallen ɗankwali.
Ya yi minti guda cur don ya ja mini rai,
ina ba shi totur ya shaƙe, ya tofa mini mai a riga.

Abu ɗaya ne ban taɓa ba.

Dalyop mai gyaran babur ya tsuguna,
ya shafi bakin salansa, ya murza yatsu, ya sansana.
Ya ce, "Mai ya yi masa yawa. Daga ina ya zo?"
Na ce Ikko. Na yayana ne, Sallau.
A kwali aka kawo shi, da takalmansa da tabarau,
bayan sadakar arba'in.
Ya ce, "To. Iskar bakin teku kunu ce mai kauri,
tamu ta kan tudu tsinkakkiya.
Yana shan man Ikko da numfashin Jos.
Rufe allura kaɗan."

Allurar tana nan inda yatsun Sallau suka bar ta.
Wata Lahadi, ƙila, a filin da ban taɓa gani ba,
ya karkata kai, ya saurara, ya ce ya isa.
Duk abin da ya bari an wanke, an ninke, an raba.
Wannan kaɗai ke nan yadda ya ajiye.

Lantana ta riƙe wutsiya da hannu biyu,
sanyin dutsen Shere na kaɗa mata gyale.
Ta ce, "Baba, in ƙirga?"

Ƙas.
Maƙogwaro ya ɗan washe.
Ƙas. Ƙas.
Gurnani ya koma siririyar guɗa.
Ƙas, hayaƙi ya ɓace, ya fara haki.
Dalyop ya ce, "Ka zarce, zai ƙone. Koma ɗaya."
Na koma.
Na matse tiyo, ya ɗaga murya, ya dawo daidai.
Na ɗaga hancinsa sama, na ƙirga goma.
Bai mutu ba.
Na sauke shi silo, yana ta-ta-ta kamar keken ɗinkin Inna.

Ya ruga cikin ciyawa, ya tsallake kashin shanu,
ya rabu da ƙasa.
Sau biyu ya zaga kududdufin kuza,
inuwarsa na bin sa a koren ruwa,
wani makiyayi ya cire malfa yana kallo.
Saukar ba ta yi kyau ba. Ƙafa ɗaya ta lanƙwashe.

Da dare na buɗe littafin da nake rubuta bashin agogo,
a shafin ƙarshe na sa:
Sallau, ƙas uku daga naka,
ta inda hannun agogo ke bi.
In wata rana ya koma bakin teku, a mayar masa.