Iri a Bakin Hanya

Kakata Eulogia ba ta iya karatu ba,
amma ta iya gardama.
A ɗakin sujada na laka, can sama da tafkin Titikaka,
inda iska ke yanke wa baƙo numfashi,
Fada Nicanor, sabon zuwa daga birni,
leɓɓansa duk sun tsattsage don sanyi,
ya karanta mana misalin mai shuka.

Bai kai ƙarshe ba ta ɗaga sanda.
Ta ce, "Wane irin manomi ne wannan?
Iri a hanya, iri a dutse, iri cikin ƙaya?
Ba shi da bakin ciyarwa ne?
Mu nan ɗaya-ɗaya muke binne dankali,
ido sama, kamar mai kwantar da jariri.
Da ɗana ne, da ya sha mari."

Mata suka toshe baki da mayafi.
Fada ya yi gyaran murya, ya shiga bayani:
hanya kaza ce, dutse kaza ne,
ƙaya kuwa dawainiyar duniya.
Ya jera su tsaf kamar kayan tireda.
Kakata ta gyaɗa kai don ladabi kawai.
A hanyar gida ta ce da ni,
"Ya fasa ƙwai ya nuna mana gwaiduwa.
To, yanzu me za a ƙyanƙyashe?"

Labarin ya bi ta gida kamar tsakuwa a takalmi.
Tana kaɗin ulu tana faɗa da mai shukan nan,
tana kora tumaki tana yi masa lissafin asara.
Ranar shuka ina biye da ita da buhun iri.
Buhun ya huje.
Na sani, na yi shiru.

Wata huɗu, sai jaura ta sauko dare ɗaya.
Gari ya waye gonarmu baƙi ƙirin,
ganye ya kwanta kamar an watsa masa tafasasshen ruwa,
duk kunyar da ta auna da tafin ƙafarta.
Ba ta yi kuka ba.
Ta dai cire hularta ta riƙe.

Muna komawa, a gindin katangar duwatsu,
daidai inda buhuna ya yi ta zuba,
inda dutse ke shan rana da yini
ya amayar da ɗumi da dare,
ga tsiro goma sha bakwai, kore shar.
Na ƙirga. Ita ma ta ƙirga.
Ta dubi buhun da ke zuciyata, ba ta ce uffan ba.

Ran Lahadi ta tare Fada a bakin ƙofa.
Na zaci za ta ce ya yi gaskiya.
Ina!
Ta ce, "Naka na kan dutse ya bushe.
Nawa na jikin dutse shi ya rayu.
Koma ka tambayo."
Ya yi dariya har da share ido,
ya ce shekara tara ke nan yana tambaya.
Da kaka ta aika masa da uku cikin ƙyalle.

Akwai dankalin da muke shanyawa a sanyin dare,
mu tattake da ƙafa, rana ta ƙarasa,
ya koma baƙi, ƙanƙamo, kamar tsakuwa.
Yakan shekara goma a rumbu.
Mai gaggawa haƙori zai karya;
sai an jiƙa shi, a manta da shi kwana biyu.
Ta ce haka Malamin nan yake ba da labari.

Yanzu ina tuƙa ƙaramar bas a El Alto.
Ta rasu, Fada ya yi furfura.
Jiya wani yaro ya shigo ba ko sisi,
kwandasta zai sauke shi, na ce ƙyale.
Ya ce, "Wannan ai asara ce."
Na ce na sani.
Na ji muryarta a bayan kunnena tana tsaki,
ban dai gane wa take yi wa ba.